Bugun dama a tanis: ina hannun hagu yake ƙarewa?

Jama'a, barkanku da war haka. Yau muna filin tanis a nan Garwa, mun yi sammako tun kafin rana ta fara gasa mu. Ku dubi yaron nan da ke bugu. Ku bar ƙwallo, ku bar raket, ku zuba wa hannunsa na hagu ido. Kun gani? Yana reto a gefe kamar hannun rigar da aka rataye a ƙusa. Shi ya sa ƙwallo ɗaya ta faɗa raga, ta biyu ta tsallake layi, shi kuma yana tangaɗi bayan kowane bugu.

Duk wanda ya taɓa kallon dambe ya san hannu ɗaya ake naɗewa, amma ɗayan ba zaman banza yake yi ba. Shi ke gaba, yana auna tazara, yana tsare jiki. To, a bugun dama, wato bugun ƙwallon da ta zo ta gefen hannun da ke riƙe da raket, ma haka abin yake. Bahago sai ya juya maganar: duk inda na ce hagu, shi dama ke nan.

Mu bi bugun daki-daki. Ƙwallo na tahowa, hannun hagu na riƙe da wuyan raket, hannayen biyu su juya tare. Wannan riƙon shi ke tilasta wa kafaɗu su juya, ba hannu kaɗai ya tafi baya ba. Sai hagu ya saki raket, ya miƙe a gaban ƙirji zuwa gefen da ƙwallo za ta zo.

Yanzu ga inda maganar take. Da raket ta fara zuwa gaba, hagu sai ya kauce mata, gwiwar hannu ta lanƙwashe ta dawo kusa da haƙarƙari. Ku gwada a kujerar ofis mai juyawa: ku buɗe hannaye kuna juyi, sannan ku janyo su jiki, za ku ji gudun ya ƙaru. Janye hannun hagu haka yake taimaka wa ƙirji ya juyo ya fuskanci raga. Idan kuwa hannun ya tsaya a gaba, to ya tare hanya, hannun dama ya bi ta kansa, ku ƙare hannaye a sarƙe kamar mai jin sanyin hunturu. Idan kuma ya yi gaggawar fita tun ƙwallo ba ta iso ba, ƙirji ya buɗe da wuri, ƙarfin ya zube a banza.

Bayan bugu fa? Masu koyarwa kan ce wa sabon shiga, cafke raket da hagu a saman kafaɗa. Shawara ce mai kyau, don raket mai nauyin giram 300 ko kusa da haka, idan ta taho da gudu, gara ta rage gudu a hankali ta sauka a tafin hagu, da a ce kafaɗar dama ta taka mata birki ita kaɗai. Amma a ganina nan ne yara da yawa ke ɓata. Sai su miƙa hagu su je tarbar raket a rabin hanya, bugun ya gajarce. Kada ku je nemanta. Ku ajiye tafin a buɗe kusa da kafaɗa, ita za ta zo ta same shi.

Ba kuma dole ba ne a cafke kullum. Ku nemi tsofaffin hotunan zamanin Yannick Noah, wanda zakaran tanis na Amurka Arthur Ashe ya hango a Yawunde a 1971 yana yaro, ya kuma ci Roland Garros, babbar gasar tanis ta Faransa, a 1983: a lokacin an fi ƙarasa bugu sama, raket ta miƙe gaba. 'Yan wasan yau sau da yawa raket ɗinsu na ƙarewa a gefen damtse, wani lokaci har wajen ƙugu. Rafael Nadal kuwa, bahagon da ya ci gasar nan sau 14, kafin ya yi ritaya a 2024 yakan wulwula raket ta saman kansa, babu zancen cafka. Amma ku duba ɗaya hannun nasa, za ku same shi a lanƙwashe kusa da jiki, ba a sake ba.

Ga aikin da za ku yi da yamma. Ba ƙwallo tukuna. Ku yi bugun iska sau 10, kowanne ku ƙare da raket a tafin hagu, ku daskare ku ƙirga uku. Gwiwar hannun dama na kallon raga? Dunduniyar dama ta ɗaga? Kun tsaya cak ba tangaɗi? To, sai aboki ya fara jefo muku ƙwallo da hannu, a hankali, daga kusa.