Jawabin Maraba ga Babban Baƙo a Taron Ranar Harshen Uwa, Maradi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma babban baƙonmu, wakilin ma'aikatar ilimi ta ƙasa, iyayenmu wakilan masarautun Katsinar Maradi da Gobir, malamai, ɗalibai da sauran jama'a, barkanmu da warhaka.

Ranka ya daɗe, a madadin malaman makarantu da marubutan wannan jiha muna yi maka lale marhabin da sannu da hanya, domin wanda ya taso daga Yamai ya ci fiye da kilomita 600 kafin ya iso Maradi ya sha gajiya saboda mu.

Ranar 21 ga Fabrairu, wadda hukumar UNESCO ta keɓe tun 1999, ita ce ta tara mu. Masana sun ƙiyasta cewa akwai harsuna kusan 7,000 a duniya, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari suna fuskantar barazanar ɓacewa. Harshen Ubykh ya tafi a 1992 da rasuwar dattijo na ƙarshe da ya iya shi sosai a Turkiyya, harshen Bo na tsibiran Andaman ya bi shi a 2010. Ciwon yakan fara ne tun ranar da uwa ta ga cewa harshenta ba ya sayen komai a kasuwa, ba ya ba da aiki, sai ta reni ɗanta da wani.

A nan ne maganar ta shafe mu, kuma dole mu faɗe ta ko da ba ta yi mana daɗi ba. Mun saba ɗora laifin a kan Faransanci da Ingilishi, alhali a wannan yanki Hausa ce babban kifin da ke haɗiye ƙanana. Harsunan Auyokawa da Teshenawa a Jigawa da na Ajawa a Bauchi duk sun shuɗe, jikokin masu su kuwa Hausa suke yi. A 1850 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar da mutanen Agadas suna magana da wani reshe na harshen Sanwai, dangin Zabarmanci, yau Hausa ta maye gurbinsa a birnin. Ko a nan cikin gari, akwai gidajen Fulani da Abzinawa inda kaka ke magana da harshenta, jika yana amsawa da Hausa.

Mun yi murna da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Amma wannan girma ya ɗora mana nauyin kula da ƙananan harsuna irin su Tasawak na garin Ingal, wanda masu jin sa dubbai ne kaɗan, da Buduma na Tafkin Cadi da Gurmanci.

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna roƙo ka isar mana da saƙo Yamai. Koyarwa da harshen gida, wadda aka fara gwadawa a Damagaram tun 1973, tana buƙatar malamai da littattafai a kowane harshe, har da ƙananan. A ba ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kayan naɗar murya su shiga rugage da ƙauyuka su ɗauki tatsuniyoyi da kirari da sunayen itatuwa daga bakin tsofaffi tun suna raye, a kuma ƙara wa harsunan nan lokaci a gidajen rediyon karkara.

Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai gida lafiya. Bisimilla, jama'a suna sauraronka.