Amsoshin Tambayoyinku: Ci da Danshin Ƙaton Gizo-gizon Tarantula

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu biyu na ciro yau, kuma duk a kan halitta ɗaya suke, wato tarantula, ƙaton gizo-gizon nan mai gashi da wasu ke kiwo a akwatin gilas. Na san akwai wanda tsigar jikinsa ta riga ta tashi. A yi haƙuri, kowa da abin da ke burge shi.

Ta farko daga wani bawan Allah take. Ya ce: "Ina da tarantula irin wanda ake kira Goliyat. Yau makonsa shida bai ci komai ba, in na jefa masa gyare ko kallo bai ishe shi ba. Yunwa za ta kashe shi ne? Kuma tunda ana ce masa mai cin tsuntsu, in ba shi ɗan tsako?"

Malam, ajiye ɗan tsakon nan. Sunan ya samo asali ne daga wani zane da Maria Sibylla Merian, wata mai zane da nazarin ƙwari, ta fitar a 1705 bayan zamanta a ƙasar Suriname da ke Kudancin Amurka, inda ta nuna ƙaton gizo-gizo yana cin ɗan tsuntsu. A dazuzzukan arewacin Kudancin Amurka inda Goliyat yake, wanda masana ke kira Theraphosa blondi, da wuya ya kama tsuntsu. Abincinsa tana ne da ƙwari, wani sa'in kwaɗi. Babba yakan kai nauyin giram 170, faɗin ƙafafunsa kusan santimita 28, amma manyan gyare uku ko huɗu, ko kyankyason kiwo ɗaya ko biyu, duk bayan kwana bakwai zuwa sha huɗu sun wadace shi. Ƙwarin kiwo nake nufi, domin wanda aka tsinto a waje yana iya zuwa da maganin feshi a jikinsa.

Ba ya tauna. Zai soke da fiƙoƙinsa, ya zuba ruwan narkarwa, ya tsotse, ya bar ɗan dunƙulen ɓawo. Ka ɗauke dunƙulen da hantsaki kafin ya ruɓe.

Batun ƙin ci kuwa, dubi cikinsa. In yana nan a cike kamar ƙwai, babu yunwa, suna iya watanni ba ci. Sannan duba ɗan sanƙon da ke bayan cikin, inda yake karkaɗe gashin ƙaiƙayi. In ya yi baƙi yana sheƙi, saɓa ce ke tafe. Wata rana za ka iske shi ya shimfiɗa tabarmar yanar gizo ya kwanta rigingine, ƙafafu sama. A nan mutane da yawa ke tafka kuskure, su ɗauka ya mutu, su juya shi, ko ma su jefar. Kada ka taɓa shi. Ka tabbata babu gyare mai rai a akwatin, domin yana iya gatsar sabon jikin mai taushi. Bayan saɓar fiƙoƙin farare ne, sai su yi ja, sannan baƙi. Ka jira kamar mako biyu su yi baƙi tukuna ka ba shi abinci. Kuma duk abin da ya kwana bai ci ba, a fitar.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah: "An ce mini dole danshin akwatin tarantulana ya kai kashi 80 cikin ɗari. Kullum ina fesa ruwa, na toshe ƙofofin iska da leda, amma yanzu fumfuna ta fito, ga wasu ƙananan ƙwari farare."

Hajiya, ledar nan ita ce ummul'aba'isin matsalar, yau ɗin nan a cire ta. Huhun tarantula huɗu ne, a ƙarƙashin ciki suke, shafi-shafi kamar littafi, dab da ƙasa. Saboda haka danshin da ya dame shi na ƙasar da yake kwance ne, ba lambar da ɗan agogon auna danshi ke nunawa a jikin gilas ba. Masu arahar ma ƙarya suke yi. Iska mai laima da ba ta motsi ta fi saurin halaka shi.

Ki zuba ƙasa mai zurfin santimita 15 ko fiye, garin ɓawon kwakwa haɗe da ƙasar da ba taki ba magani. Maimakon feshi, ki tsiyaya ruwa ta kusurwa ya gangara can ƙasa, saman ya ɗan sha iska. Ki damƙi ƙasar a hannu: ta dunƙule, amma kada ruwa ya ɗiga. Ki sa faffaɗan kwanon ruwa mara zurfi, ba soso ba auduga, domin ƙwayoyin cuta kawai suke tarawa, kuma yana sha da bakinsa lafiya lau. Zafi tsakanin digiri 24 zuwa 28 ya yi. Ƙasar da ta yi fumfuna a kwashe ta.

Ba ki faɗi irin naki ba. In ɗan Burazil ne, Lasiodora parahybana, ya fi jure bushewa, gefe ɗaya kawai za ki jiƙa. In kuma kika ga cikinsa ya yamutse, ƙafafu sun fara naɗewa ƙarƙashin jiki, ƙishirwa ce, ki matso da kwanon ruwa bakinsa nan take.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.