Bol-joyin: me ya sa ka girgiza taya ka ji lafiya, alhali ya mutu?

Kwanakin nan saƙo iri ɗaya ke ta shigo mana. Mutum ya ce ya ɗaga motarsa a jak, ya girgiza taya da iya ƙarfinsa, ko motsi babu, amma da ya hau hanya mai gargada sai ya riƙa jin ƙwal-ƙwal daga gaba. Wai ina matsalar take? Sau da yawa matsalar tana wurin da aka kafa jak ɗin. A can za mu daɗe yau.

Bari mu fara da shi kansa bol-joyin. Ƙarfe ne mai kai mulmulalle, zaune cikin kwaf, an cika shi da giris, an rufe da roba. Kamar ƙashin cinya a cikin ƙugu. Shi ke haɗa hannun ƙarfen da ya fito daga jikin mota da ƙarfen da taya ke kansa. Taya ta hau tudu, ya ba ta hanya ta yi sama. Ka murza sitiyari, ya bar ta ta juya. Duka a lokaci guda.

Yadda yake mutuwa kuwa ba wuya. Robar nan ta yage, giris ya fita, ruwa da ƙasa su shiga, ƙarfe ya dinga cin ƙarfe har kan ya fara rawa. Akwai wani da muka cire. Wallahi tsatsar ma kaɗai ta isa ta ba da labari.

To, yanzu a natsu.

Ba kowane bol-joyin ne ke ɗauke da nauyin mota ba. Kafin ka taɓa jak, leƙa ka ga inda sifirin ya zauna. A ƙananan motoci irin su Corolla, sifirin da shokozoba a haɗe suke, sun tsaya kai tsaye a kan ƙarfen taya. Bol-joyin ɗaya ne a ƙasa, aikinsa riƙe taya a matsayinta. Irin wannan, ka ɗaga motar ta jikinta, taya ta yi reto, ka gwada.

Amma akwai wani irin gaban mota daban. Hannu biyu ne, sama da ƙasa, kamar gaban Hilux na zamani. Sifirin yana danna hannun ƙasa, don haka bol-joyin na ƙasa shi ne ɗan dako. In ka ɗaga irin wannan motar ta jikinta, sifirin zai buɗe, ya tura hannun ƙasa da ƙarfin gaske, ya ɗaure bol-joyin ɗin tamau. Ka zo ka girgiza, shiru. Hannunka ba zai taɓa rinjayar sifirin da aka yi don ɗaukar mota ba. Lalacewar tana nan, an dai danne ta ne.

Sai a sauya wa jak wuri. Ƙarƙashin hannun ƙasa, kusa da bol-joyin ɗin gwargwadon iko. Yanzu jak ne ya karɓi ƙarfin sifirin, bol-joyin ya samu sarari. Taya ta tashi daga ƙasa kamar faɗin yatsu uku. Zura dogon ƙarfe a ƙarƙashinta, ka ɗaga, ka saki. Motar da ɗazu ta yi mana shiru ce wannan. Ga kan yana hawa da sauka a cikin kwaf.

Ni a ganina, gwajin nan na mutum biyu ne. Ɗaya na ɗagawa, ɗaya na haska fitila yana kallon gaɓar da idonsa. Kuma don Allah kada kowa ya cusa kai ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa matokari.

Sauran a gurguje. Hannu ɗaya a saman taya, ɗaya a ƙasa, ka girgiza: motsi a nan na iya zama bol-joyin ko boris, wato abin da taya ke juyawa a kansa. Sa wani ya taka birki. In motsin ya ɗauke, boris ne. In yana nan, koma ga bol-joyin. Hannu a dama da hagu kuwa, galibi tayarod kake gwadawa, wato sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya. Wasu motocin kamfani ya yarda da ɗan motsi kaɗan a bol-joyin mai ɗaukar nauyi, don haka a duba littafin motar kafin a yanke hukunci.

In an tabbatar ya mutu, a canza shi, kada a ce bari a lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Ranar da kan nan ya fice daga kwaf, taya kwantawa take yi, sitiyari ya zama ba shi da iko da ita. Bayan an ɗaura sabo, a tabbata an mayar da fil ɗin da ke kulle notin idan irin mai fil ne, sannan a wuce wajen saitin taya, don kada sabuwar tayarka ta cinye ta gefe guda.