Sankarar Fatar Ido: Su Wa Ke Zuwa Asibiti a Makare?

Assalamu alaikum. Jama'a, kowa ya ɗan taɓa fatar idonsa ta ƙasa. A nan ne wannan sankara ta fi tsirowa, sai kuma kusurwar idon da ke kusa da hanci. Tana farawa da ɗan ƙurji mitsitsi marar zafi, ya yi ɓawo, ya ɗan yi jini, ya lafa, ya dawo. Gashin idon wurin ya zube.

Gaskiya ne ta fi kama fararen fata, domin baƙar fata na da sinadarin melanin mai yawa da ke tare zafin hasken rana. To amma wannan gaskiyar ce ta zame mana tarko. Mai baƙar fata ya ce ai ba cutarmu ba ce. Likitan ma ba ta zo masa a rai ba, tunda hotunan da ya yi karatu da su galibi na farar fata ne. Ƙurjin kuwa a jikin baƙi duhu yake yi, sai a ce tawadar Allah ce. A Indiya da China akwai wata irin da ke fitowa daga maiƙon fatar ido, kamanninta sak hazbiya, sai a yi wata da watanni ana ɗiga magani.

Sannan ga talauci. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa a 2019 kaɗai, kusan mutum 19,000 ne sankarar fata ta kashe saboda aiki a cikin rana. Su wa ke yini a rana? Manomi, lebura, masunci. Balle zabiya, wanda wallahi halinsa ya fi damuna: ba shi da wannan garkuwa, man kariyar rana kuma ya fi ƙarfin aljihunsa.

Abin takaicin shi ne maganin yana nan. Tun shekarun 1930 likita Frederic Mohs na Amurka ya ƙirƙiro tiyatar da ake yankar ƙurjin kaɗan-kaɗan, ana dubawa a madubin likita har a ga ya ƙare, a bar wa mutum fatar idonsa. Mai hali, mai inshora, mazaunin birni, shi ke samunta. Wanda ya zo bayan shekaru, cutar ta ci har kwarmin ido, sau da yawa sai an cire idon gaba ɗaya.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, Malama, yi tambayarki.