Ɓurɓushin Roba a Cikin Farin Sukari

Assalamu alaikum, masu kallo. Farin sukarin da ake aunawa da mudu a kasuwar Sabon Gari, wanda mai shayi yake zuba wa kofi cokali biyu ko uku, yana iya ɗauke da ɓurɓushin roba, wato gutsattsarin da girmansu bai kai milimita 5 ba, da yawansu ma ido ba ya ganin su.

A watan Agusta na 2024, ƙungiyar Toxics Link ta ƙasar Indiya ta gwada gishiri iri 10 da sukari iri 5, kuma babu ko ɗaya da ya kuɓuta. A sukarin, an samu kusan ƙwaya 12 zuwa 68 a kowane kilo.

To, ta ina robar take shiga? Mafi yawan ɗanyen sukarin da ake tacewa a Legas daga Burazil yake zuwa, kuma bayan an tace shi, sai a ɗura a buhunan kilo 50 waɗanda da zaren roba aka saƙa su, a yi lodi, a sauke, a ja a ƙasa, kafin tirela ta iso Zariya. Ku lura da ɗan kasuwa sa'ad da ya sa wuƙa ya farke bakin buhu: zaren da ya tsintsinke a saman sukarin yake zuba. Daga nan sai a juye a daro, ya wuni a buɗe cikin ƙurar hanya, sannan a ƙulla a leda. Mazarƙwailar da ake kawowa daga wajen Maƙarfi ma haka take wuni a buɗe, don haka komawa gare ta ba ya kawar da damuwar.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne binciken da aka yi a ƙasar Holan a 2022, inda aka samu roba a jinin mutum 17 cikin 22 da aka gwada. Har yanzu masana suna nazarin irin illar da hakan yake yi wa jiki.

A gida, a juye sukari a kwalba ko kwanon silba mai murfi, a kuma daina ƙulla koko da kunu masu zafi a leda, domin zafi yana sa roba ta riƙa sakin ɓurɓushi. Ya kamata kuma hukumar NAFDAC da masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello su riƙa gwada sukarin kasuwanninmu, su sanar da jama'a sakamakon.