Sinadaran PFAS: Gubar da Ba Ta Ruɓewa

Masu kallo, assalamu alaikum. Kaskon suyar nan da ƙwai ba ya kamawa, rigar ruwa, takardar naɗe abinci mai maiƙo, da kumfar da 'yan kwana-kwana ke kashe gobarar man jirgi da ita, duk ana iya samun wasu sinadarai 'yan gida ɗaya a jikinsu. Sunansu PFAS, kuma ire-irensu sun kai dubbai.

Masana'antu sun rungume su ne saboda haɗin kabon da fulorin da ke cikinsu, wanda yana daga cikin mafi ƙarfi da masana sinadarai suka sani. Zafi ba ya raba shi da sauƙi, ruwa da mai ba sa kama shi. To, wannan ƙarfin shi ne ya zama masifa. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganye da mushe a ƙasa da ƙyar suke iya taɓa waɗannan sinadarai. In sun shiga jinin mutum kuwa, wasu sai an yi shekaru kafin rabinsu ya fita.

Mu leƙa garin Parkersburg na jihar West Virginia a Amurka. Tun 1951 masana'antar DuPont ke amfani da wani nau'insu mai suna PFOA wajen yin Teflon, wato abin da ake shafe kaskon suya da shi don kada abinci ya kama. Wani makiyayi da gonarsa ke maƙwabtaka da jujin kamfanin ya ga kumfa tana taruwa a rafin da shanunsa ke sha. Shanun suka rame, haƙoransu suka yi baƙi, suka dinga faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. A 1999 lauya Rob Bilott ya shigar masa da ƙara, kuma takardun da kamfanin ya miƙa sun nuna ya daɗe da sanin illar sinadarin. Wannan shi ne ya fi ɓata rai, domin mutanen yankin suna ta shan ruwan ba wanda ya gaya musu.

Daga baya aka ɗebi jinin mutum kusan 69,000 na yankin aka gwada. Zuwa 2012, kwamitin masana ya gano akwai yiwuwar alaƙa tsakanin PFOA da cututtuka shida: sankarar ƙoda, sankarar 'ya'yan maraina, ciwon ƙululun maƙogwaro, gyambon babban hanji, hawan jinin masu juna biyu, da yawan kitse a jini. A 2017 DuPont da Chemours, kamfanin da ya ɓalle daga cikinsa, suka amince su biya waɗanda suka kai ƙara dala miliyan 671.

A 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade PFOA da PFOS (wani nau'in PFAS ɗin) a ruwan sha zuwa kashi 4 cikin tiriliyan. Wato kamar ɗigo ɗaya ke nan a cikin ruwan tanka sama da 300 masu cin lita 33,000.

Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba, wadda Najeriya da Nijar ke cikinta, ta taƙaita amfani da PFOS a 2009, ta sa PFOA cikin jerin waɗanda za a kawar a 2019. Amma wanda ya riga ya gangara ƙarƙashin ƙasa yana nan. Babban haɗarin yana ga ruwan da ke kusa da masana'antu, juji da filayen jirgin sama fiye da kaskon da ke madafarku. Kuma a lura, tafasa ruwa ba ya cire su. Abin da ke rage su shi ne matacin gawayi na musamman ko na'urar tace ruwa da ake kira RO, muddin ana canza matacin a kan lokaci.