Hamayyar Ƙananan Kulob-Kulob a Gasar Sukwash

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Sharhinmu na yau ya shafi wasan sukwash ne, kuma zan bar maganar manyan taurarin da ake nunawa a talabijin cikin ɗakin gilashi sai wani jiƙon. Yau hankalina yana kan ƙananan kulob-kulob na 'yan sha'awa: malaman makaranta, ma'aikatan ofis, ɗalibai, 'yan kasuwa, waɗanda ke tashi daga aiki a gajiye su saɓa jaka su nufi kulob ɗin maƙwabta domin karawar lig, alhali ba mai biyansu.

Ga wanda bai san wasan ba, ɗaki ne mai bango huɗu, tsawonsa mita 9.75, faɗinsa mita 6.4. Mutum biyu ke shiga, kowa da raket ɗinsa, suna maka wata 'yar ƙwallon roba a bangon gaba, ƙwallon da ba ta ma tashi sai ta sha duka ta yi zafi. Babu raga a tsakani kamar ta tanis. Abokin karawarka yana nan gefenka, kafaɗa da kafaɗa, kuna rige-rigen tsayawa a tsakiyar ɗaki inda layuka suka haɗu kamar harafin T, don wanda ya riƙe wurin nan shi ke juya wasa. Wanda ya fara kai maki 11 ya ci zagaye, in kuwa aka yi kunnen doki a 10 da 10, sai wani ya ba da ratar maki biyu. Zagaye uku cikin biyar ke ba mutum nasara.

A gasar lig, yawanci kowane kulob kan fito da mutum biyar, a jera su bisa ƙarfinsu. Na ɗaya ya kara da na ɗaya, haka har zuwa na biyar. A yi wasa gida da waje. A gasa da dama kowane zagaye da aka ci maki ne ga kulob, saboda haka ko wanda aka lallasa, in ya ƙwaci zagaye guda, bai koma hannu rabbana ba. Ƙarshen kaka na sama su haura rukuni na gaba, na ƙasa su faɗa cikin 'yan dagaji.

To me ke sa hamayya ta yi zafi haka tsakanin mutanen da ba kuɗi suke nema ba? Ruwa ba ya tsami banza. Fuskokin nan dai su ne, shekara da shekaru. Ka san wane ba ya son ƙwallon da ta maƙale jikin bangon hagu. Ka san wane gwiwarsa na damunsa, in ka ja shi gaba sau uku numfashinsa ya ƙare. Shi ma ya san naka lagon. Ga wanda bara yake namu, bana ya koma wajensu, ya tafi da duk sirrinmu. Ga kuma ɗakin kansa: wani kulob ɗakinsa sanyi gare shi, ƙwallo na taɓa kusurwa ta mutu, wani kuma zafi, ƙwallo ta yi ta tsalle har ka rasa yadda za ka kashe ta. Masu gida sun saba, baƙi kuwa kafin su gane kan ɗakin an ci su zagaye guda.

Ni kam ina goyon bayan wannan hamayya ɗari bisa ɗari. Ita ce ke fito da mutum atisaye ranar da jikinsa ke ce masa ya kwanta. Ita ce ke sa ɗan shekara hamsin da ke lamba ta biyar ya san cewa makinsa daidai yake da na matashin da ke lamba ta ɗaya. Amma akwai wani abu a sukwash da ya sa hamayyarsa ta fi ta sauran wasanni saurin lalacewa, kuma a nan nake so mu ɗan dakata.

A wannan mataki, sau da yawa babu alƙalin wasa ɗan ba-ruwanmu. 'Yan wasan kulob biyun ne ke yi wa juna alƙalanci, wannan ya sauko daga wasa yana sharce gumi, ya hau sama inda alƙali ke zama ya karɓi takardar maki. Sannan dokar wasan ta ɗora wa alƙali nauyi babba. Wanda ya buga ƙwallo dole ya kauce ya ba ɗan'uwansa hanya. In bai kauce ba, wanda aka tare yakan tsaya ya ce “let”. Daga nan alƙali ke da zaɓi uku: ya ce a sake buga makin, ko ya ba wanda aka tare makin kai tsaye, abin da ake kira sitirok, ko ya ce ai ko ba a tare ka ba ba za ka cim ma ƙwallon ba, ka rasa.

Ku kwatanta daren da aka yi kare jini biri jini. Kowane kulob ya ci karawa biyu, saura ta raba gardama. An kai zagaye na biyar, maki 10 da 10. Rigunan sun jiƙe sharkaf, ba ka jin komai sai ƙarar takalma a kan katako. Baƙo ya ɗaga raket zai buga, mai gida na gabansa bai gama kaucewa ba, sai ya tsaya cak ya ɗaga kai sama. Wanda ke riƙe da takarda a sama abokin mai gida ne, tare suke atisaye, wataƙila a mota ɗaya za su koma. Kowa ya ga sitirok ne. Idanu duka na kansa. In ya faɗi gaskiya, ya miƙa wa abokan hamayya makin da ka iya jefa kulob ɗinsa cikin 'yan dagaji. In ya ce a sake, ba wanda zai hukunta shi, sai dai baƙi za su tafi da abin a zuci, kuma ranar da aka je gidansu za su rama. Da haka ake fara gabar da kan shekara goma ba ta mutu ba, har a manta mafarinta.

Haka maganar ƙwallon da ta taɓa ƙasa sau biyu, ko ta ɗan shafi allon ƙarfen da ke gindin bangon gaba, abubuwa biyu da ke sa mutum ya rasa maki. Daga sama ba kullum ake gani ba. Wanda ya buga shi ya fi kowa sani, kuma an san ɗan wasan kirki da ɗaga hannu ya ce ba ta yi ba tun kafin a tambaye shi. Wallahi wannan ɗaga hannun ya fi burge ni a kan duk wata gwanintar bugu.

Sai kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato sojan haya. Kaka ta yi nisa, maki ya yi kusa, kwatsam ranar karawa da abokan hamayya sai ga wani gwani da ba a taɓa ganin ƙeyarsa a kulob ba an sa shi a lamba ta ɗaya. Kowa ya sauka mataki guda, shi kuwa bawan Allah na biyar, wanda bai taɓa fashin wasa ba tun farkon kaka, a ce masa yau ya huta. Ƙanin wannan shi ne murɗa jeri: a ɓoye mai ƙarfi a lamba ta uku, a tura rarrauna ya sha kashi a sama, don a kwashe na ƙasa. Kyaftin ɗin da ke haka yana iya cin kofi, amma yana korar mutanen da ke riƙe da kulob ɗinsa.

Kada wani ya ce ai ƙaramin wasa ne, me ya yi zafi. Hashim Khan na Pakistan a kulob ɗin hafsoshin Birtaniya da ke Peshawar ya fara, yana yaro mai tsinto ƙwallo, ya zo ya ci gasar British Open sau 7, farawa daga 1951. Masar da ke jan zarenta a duniyar sukwash a yau, tun bayan da Amr Shabana ya zama zakaran duniya a 2003, daga kulob-kulob na Alƙahira da Iskandariyya take fito da yaranta, inda suke gogayya da juna tun suna ƙanana. Yanzu kuma an saka sukwash cikin wasannin Olamfik na 2028 a birnin Los Angeles na Amurka, kuma yaran da wannan zai ja hankalinsu, ƙofar ƙaramin kulob za su fara ƙwanƙwasawa. Abin da suka ga manya na yi a daren lig, shi za su ɗauka.

Don haka kirana ga masu shirya gasa: a miƙa jerin 'yan wasa tun farkon kaka, kada a sauya shi sai da hujja. Duk wanda bai buga adadin wasannin da aka ƙayyade ba, kada a bar shi ya shiga karawar ƙarshen kaka. Kowane kulob ya tura aƙalla mutum biyu su koyi alƙalanci. Ranar da manyan abokan hamayya za su haɗu kuwa, a nemo alƙali daga kulob na uku ya riƙe takarda.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba.